Ciwon Bayan Direba

Direba ya miƙa wa yayansa takardar ba tare da ya kalle shi ba. Suna zaune a bencin ƙarfe a ƙofar ɗakin tiyata, ƙarƙashin fankar da ke ƙara ba iska. Ma'aikaciyar jinya ta ce sai wani na jiki ya sa hannu kusa da nasa kafin a shiga da shi. Matarsa kuwa kwananta shida da haihuwa. Dole aka kira Yaya.

Shekara uku ke nan Direba yana cewa ciwon baya. A tasha ciwon baya, gaban surukai ciwon baya. Wa zai buɗe baki ya ce marainansa ne, na hagu, kamar ana murɗa shi da filaya duk sanda bas ta faɗa rami? Aka yi ta gasa masa bayan da ba ruwansa, aka ɗauki hotonsa sau huɗu, kowanne ya fito tas. Daga nan Yaya ya yanke hukunci: lalaci ne. Mai motar ma ya ce in wata ya ƙare bai koma bakin sitiyari ba, zai ba wani makullin.

Yaya ya karanta takardar yana motsa leɓe, yatsa na bin layi. Can ya tsaya.

"Kai! Wannan ai ba baya ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Au, fiɗiya ka kirawo ni in sa wa hannu? Sai ka ce bunsuru!" Ya yi dariya har wata tsohuwa a ɗaya bencin ta sunkuyar da kai. "Yaran yanzu. Ɗan wannan ne ba za ka iya cijewa ba? Mu da muke maza ka taɓa jin bakinmu?"

Direba ya dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko buhu bai iya ɗagawa, yini yake a shago yana raba wa mutane mazantaka kamar shi ya ƙera ta. Ya yi tsaki a cikinsa.

"In ba za ka sa ba, ba ni abata."

Likita ya fito, gajere mai gilashi, da alama ya ji komai.

"Babban yaya, ba abin da za mu cire masa," ya ce. "Ɗan yanka ne a gefen mara. Akwai ƙananan jijiyoyi, ba su kai gashi kauri ba, su ke kai saƙon ciwon. Da madubin da ke ƙara girman abu za mu bi su mu yanke, mu bar hanyar jini yadda take. Makon jiya mun gwada kashe su da allura. Gaya masa abin da ka ji."

"Awa huɗu na zauna daidai a kujera," in ji Direba. "Har na manta yadda ake yi."

Yaya ya taɓe baki. Ya juya biro a hannu, ya dubi bango.

"To, shi wanda in an daɗe a zaune yake hawowa har cikin mara, ya sa mutum tashin zuciya... shi ma jijiyar ce?"

"Sau da yawa ita ce. Amma sai an duba mutum."

Direba bai taɓa gaya wa kowa maganar tashin zuciya ba, sai likita. Ya juyo a hankali. Yaya na zaune a bakin benci, rabin jikinsa a waje, ƙafar dama a miƙe. Haka yake zama shekara bakwai, a shago, a mota, a gidan suna. Ciwon gwiwa, in ji shi. Har man shafawa Direba ya taɓa sayo masa.

Yaya ya sa hannu da sauri, ya tura takardar gefe.

"Ka je su yi maka, tunda kai ba ka da juriya."

Aka kwantar da Direba a gado mai taya, aka rufa masa koren ƙyalle. Ma'aikaciyar jinya ta fara turawa, ya ɗaga hannu ta dakata.

"Yaya."

"Mene ne kuma?"

"Talata da safe likitan yake ganin masu ciwon gwiwa. Ɗaki na uku."

Ƙofa na rufewa, Direba ya hango Yaya yana rubuta wani abu a tafin hannunsa.