Fasinjar Baba Direba

Ana tsaka da gardama a kan inda za a kafa ragar ƙwallo Baba Direba ya miƙe, ya dafa kujerar gabansa, sai ya koma ya zauna. Mai ɗinki, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ita kaɗai ta lura da gumin da ya jiƙa masa wuyan riga.

Taron 'yan unguwa ne a kan lambun shaƙatawar da ke bayan layinsu, an ce su faɗi da bakinsu yadda suke so a gyara shi. Samari na son fili, masu sana'a na son rumfuna. Shi kuwa tun zaman farko abu ɗaya yake nanatawa, a shimfiɗa 'yar siririyar hanyar siminti daga ƙofa zuwa gindin bishiyoyi. Tun da ɓarin jikin matarsa Inna ya shanye, kullum da safe yake tura ta a keken guragu zuwa can, tayoyin na nutsewa a yashi. Har tsokanarsa ake yi, wai ya ajiye babbar mota ya koma jigilar fasinja ɗaya. Yakan ce ai wannan ɗayar ta fi mota cike mita.

A hanyar komawa mai ɗinki ta matsa su biya asibiti. Ya ce gajiya ce kawai, kuma Inna ba ta sha magani ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana haki.

"'Yata, in ban samu zuwa zama na gaba ba, ki ɗaga hannu a madadina in an zo kan maganar hanyar nan."

"Da kanka za ka ɗaga, Baba."

Washegari har hantsi ya dubi ludayi ba ta ji kukan keken ta tagar shagonta ba. Ta ajiye almakashi ta shiga gidan. Yana zaune a kujerar tsakar gida da tawul a kafaɗa, rai ya yi halinsa. Ruwan wankan da ya ɗora wa Inna ya ƙone ƙurmus a tukunya. Ita kuwa tana daga ɗaki tana ta kiransa da muryar da ba ta fita sosai.

Bayan an share makoki, 'ya'yansa suka ce za su tafi da uwarsu garin da suke aiki. Mai ɗinki ta roƙe su su dakata sai an yi zaman, ta kuma tura keken da kanta har cikin zauren taro. Da aka zo kan maganar hanya, Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya. Samarin nan suka dubi juna, suka ɗaga nasu. Ba ta sauke ba sai da shugaban taro ya ce an amince.

Ranar da mota ta sauke tsakuwa a lambun, an riga an tafi da Inna. Mai ɗinki ta tsaya a taga da zare a baki, tana kallon magina suna awo tsakanin bishiyoyi. A can bayan katanga, a gidan Baba Direba, sababbin 'yan haya na kakkaɓe tabarmi.