Gulbin da Ke Hawa Bango

Ranar wata Litinin ce a farkon damina, shekarar da ake ta shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau. An kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Malam Sahabi, malamin makarantar boko, ya rataye taswirarsa a bango don ya koyar da labarin ƙasa. Ita kaɗai gare shi, ta takarda ce mai bayan ƙyalle, kuma yara goma sha ɗaya ne kacal a gabansa.

"Nan Tsafe, nan Gusau, nan Bungudu," in ji shi yana nuni da tsumagiya. "Ga gulbinmu ya taso daga nan ƙasa, ya nufi Sakkwato." Tsumagiya ta yi sama.

Ɗahiru, ɗan Jatau mai shanu, ya ɗaga hannu. "Malam, ashe ruwa na hawa bisa?"

Aji ya kece da dariya. Malam ya yi ta bayanin cewa saman takarda arewa ce, amma kafin la'asar magana ta zaga gari. Washegari sai ga iyaye a ƙofar makaranta, Jatau a gaba, Dogo manomi na bin sa.

"Malam, shekara arba'in ina shayar da shanu a gulbin ga," in ji Jatau, "ban taɓa ganin ya hau ko juji ba. In ƙarya kaka koya musu, ba ni ɗana, maruƙa na jiran shi."

Malam Sahabi ya san in yaran nan suka watse, rufe makarantar za a yi, shi kuma sunan maƙaryaci ya bi shi har gida. Ya roƙe su kwana biyu, su raka shi dutsen Kwatarkwashi tare da yaran. Iyaye tara suka yarda, biyu suka ce ga noman fari ya zo, ba su da lokacin hawan duwatsu.

Suka kwana a gindin dutse, da hantsi suka fara hawa. Malam na goye da taswira a naɗe kamar tabarma, shi ma bai taɓa hawa ba.

Da suka kai sama, suka leƙa ƙasa. Shaho na shawagi a ƙarƙashin ƙafafunsu. Gonaki sun zama faci-faci kamar tsohuwar riga, garken shanu kamar an watsa farin wake. Ga duwatsun Tsafe sun yi shuɗi, ga hayaƙin Gusau, can kuma gulbi na ƙyalli, siriri, yana lanƙwashewa har ya ɓace wajen Bungudu. Shekara uku Malam yana koyar da wannan ƙasa, sai yau ya gan ta.

"Allahu Akbar," in ji Dogo a hankali. "Yanzu gonata da nika faɗa da maƙwabci a kanta tana cikin ɗigon can?"

Malam ya warware taswira ya riƙe ta tsaye a ƙirjinsa, ya buɗe baki zai fara bayani.

"Kai Malam, kwantar da ita mana," in ji Jatau. "Ƙasa a kwance Allah Ya yi ta."

Aka shimfiɗa ta a kan dutse, aka danne da tsakuwa.

"Ina gabas ɗinta?" in ji Jatau.

Malam ya nuna gefen dama.

"Wa ke barin gabas a gefe? Kai haka kaka salla?" Jatau ya durƙusa ya juya takardar, gabas ɗinta ya fuskanci alƙibla.

Nan take gulbin takarda ya kwanta daidai da gulbin Allah, kwana bisa kwana. Yara suka yi ta duban ƙasa, su dubi takarda. Jatau ya bi shuɗin layin da yatsa, yana kiran sunayen mashayar shanu ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago.

"Gaskiyarka, Malam. Amma wanda ya zana ta ba shi da ko akuya, burtali ɗaya bai sa ba."

Suna cikin dariya Ɗahiru ya yi ihu yana nuna gabas. Hadari ne ya taso daga wajen Tsafe, baƙi ƙirin, ruwa na sauka daga cikinsa kamar labule. Suna kallo yana cinye gonaki ɗaya bayan ɗaya, gabansa rana, bayansa duhu. Ba su taɓa sanin ruwan sama na da baki ba. Suka tsaya kallo har iska ta riga su motsawa. Ta watsar da tsakuwa, ta fizge taswirar, ta yi sama da ita tana juyawa har ta fi ƙarfin ido. Suka gangaro da rarrafe, ruwa na dukansu.

Ran Asabar yara tara suka zo makaranta, Malam Sahabi ya fitar da su fili ya zana musu gulbi a ƙasa da kara.

Abin da aka rasa a wannan tafiya: taswira ɗaya, huluna uku, takalmin Dogo ƙafa guda, da yara biyu waɗanda iyayensu ba su hau dutsen ba.