Waccan Illelar

Ummusalma ba ta taɓa kiran sunan Abdussamad ba. Ɗanta ne na fari, kun kuwa san yadda abin yake a wajenmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tsura masa ido, in ya shigo gaisuwa sai ta amsa tana kallon tabarma. Da ya girma ya tafi Sakkwato, wani gidan tele, wato talabijin, ya ɗauke shi yana karanta farashin hatsi da dabbobi duk Alhamis bayan azahar. Saƙonsu duk ta bakin mahaifinsa yake bi. Da malam ya rasu, sai gaisuwar salla ta minti biyu, ita ma rabinta shiru ne.

To amma gidan telen nan yana sa shirinsa a waya kyauta. Tun da ta gano haka ta daina biyan abonma, kuɗin tashoshi na wata-wata, ta ba maƙwabta parabol ɗin, faifan kama tashoshi, suna shanya kuɓewa a ciki. Ran Alhamis sai ta tura ƙyaure, ta jingina wayar da tulu, ta kalli ɗanta rabin awa cur, babu wanda zai ce ta rasa kunya. Nan ta ga furfura ta fara fito masa a gemu. Nan ta gane yana taɓa kunne in zai faɗi lamba, kamar ubansa.

Wata Alhamis ta kunna, sai baƙin allo da rubutu. Ta ɗauka rezo ne, wato sabis ɗin waya. Mako ya zagayo, haka dai. Ta yafa mayafi ta nufi rumfar Chindo mai cajin waya a bakin kasuwar Illela.

"Inna, sun ruhe na kyauta," in ji Chindo. "Yanzu sai an yi rajista, kuma sun ce ba ko'ina ya ka kamawa ba. Ga lambarsu, mu tambaya."

Wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka. "Mama, daga ina kike kira?"

"Illela, ɗiyata."

"Ai Illela tana ciki. Ku yi rajista kawai."

Chindo ya yi mata rajistar ta hannun wani abokinsa mai naira. Ran Alhamis ta yi shara, ta yi sallarta da wuri, ta jingina waya. Baƙin allo. Ta zauna gabansa har lokacin shirin ya wuce, tana jin awakin maƙwabta suna cin kara.

Washegari suka sake kira. Chindo ya yi ta bayani, sai can ya dafe kai yana dariya.

"Inna, ke da ita kowa da gaskiya tai! Ita Illelar Sakkwato ta ka nuhi, ta bayan Ƙonni. Ba ta ma san da tamu ta Nijar ba. Wai cewa ta yi, au, akwai wata?"

Ummusalma ba ta yi dariya ba. "Shekara nawa yana can, bai taɓa hwaɗa musu garinsu ba?"

Chindo ya ciro wani layin Nijeriya daga aljihu ya sa mata a waya, ya ce shirin sai da wannan yake kamawa, shi kuma sai an ƙetare iyaka yake aiki.

Alhamis ta gaba da hantsi ta shiga taksin Ƙonni, an matse ta tsakanin buhun albasa da wata mai goyo. Daga Ƙonni ta hau kabu-kabu, aka wuce duwan, 'yan kwastan na bakin iyaka, aka sauke ta a tashar waccan Illelar. Ta samu benci a rumfar wata mai fura, ta juya wa mutane baya, ta ja mayafi ta rufe wayar.

Ya fito. Ya rame kaɗan, kuma hular da ya sa ta yi masa yawa. Ya faɗi farashin gero, na wake, na raguna. Motoci na ta ham, ba ta ji rabin abin da ya ce ba, ba ta kuma damu ba.

Da aka gama, ɗan kamasho yana ta ihu a bayanta: "Sakkwato, mutum guda! Hajiya, Sakkwato?" Ta dube shi, ta dubi motar. Ta je ta ce me ya kawo ta? Ta girgiza kai, wani mai kaji ya shige.

Sai ta lalubo lambar gidan telen nan ta kira da kanta. Yarinyar nan ce ta ɗauka.

"Ɗiyata, saƙo ni ka so ki kai ma wani nan wurinku."

"Wa ke nan, Mama? Mene ne sunansa?"

Mai fura ta daina dama furarta tana kallonta.

"Mai hwaɗin kuɗin gero," ta ce a hankali. "Ki ce mishi hulag ga ta yi mai yawa."

"In ce in ji wa?"

"Ki ce wata tsohuwa ta Illela. Ba taku ba, waccan."

Ta kashe wayar, ta ƙulle ta a bakin zane, ta tambayi mai fura inda ake hawan kabu-kabun Ƙonni.