Injin da Maitama Ya Haɗa

"Idan motar ta tashi, kada ka bari ta sauka sulo," in ji Injiniya Maitama. "Ka riƙe totur minti ashirin, ko sama da ƙasa za su haɗe."

Yashim ya sunkuya don ya ji shi sosai. An sauko da gadon dattijon falo tun ranar da asibiti suka ce a mai da shi gida, babu sauran abin da za su yi wa huhunsa. Robar iska na hancinsa, hannuwansa sun yi fes, babu ko ɗigon baƙin mai a farce.

"Injiniya, ni fa direban bas ne. Sifana kawai nake miƙo maka."

"Shekara nawa kana miƙo sifana? Ko jaki ne ai ya ci a ce ya koya."

Yashim ya yi dariya, dattijon ya so ya taya shi, tari ya hana.

Katangar katako ce kawai ta raba gidajensu a garin Laurel, a Amurka. Tun da Maitama ya yi ritaya daga ofishin gwamnati a Washington, ya sayo gangar jikin wata mota ƙirar Mustang ta 1968 a wurin wani manomi, ya zauna yana haɗa mata inji da hannunsa. Fistin ɗaya sai ya yi mako yana aunawa. Duk Lahadi, in Yashim ya dawo daga coci, sai ya tuɓe kwat ya shiga garejin. An gama haɗa injin a watan da ciwon ya kwantar da mai shi, ba a taɓa tayar da shi ba. Maitama ya sha faɗa wa Yashim cewa tashin farko shi ne komai: dole ƙarafan ciki su goge juna da gudu har su saba, in aka katse, suna iya cin juna, aiki ya lalace.

Hajiya Tayyiba, matar gidan, tana tsaye a ƙofar kicin da carbi a hannu.

"Malam Yashim, kai ma biye masa za ka yi? Mutum yana wannan hali, zancen mota yake."

"Hajiya, shi ya roƙa. So yake ya ji ƙararta kawai."

"Shekara da shekaru abincina na hucewa saboda wannan ƙarfen," ta ce. "Ku yi abin da kuka ga dama."

Yashim ya turo motar daga gareji zuwa tsakar fili, kusa da tagar falo, ya juya salansa wajen titi don kada hayaƙi ya shiga. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya ɗaura batir, yana yi yana sake dubawa don tsoron kuskure. La'asar ta kusa sa'ad da Zulkifilu, babban ɗan Maitama, ya iso daga Baltimore tare da wani malami daga masallaci. Ko gaisuwa ba su tsaya yi ba. Yashim ya gane lokacin dattijon ya kusa. Ya tsaya da makulli a hannu yana tunanin ya bari. Sai kuma ya ga in ya bari yanzu, shi ke nan.

Ya murza. Ta yi tari sau biyu, ta kama.

Ƙarar ta cika layin. Mai kauri ce, tana dukan ƙirji, har gilashin tagar na rawa. Yashim ya danna totur ya riƙe, idonsa a kan allurar mai. Wani Bature da ke share ganye a tsallaken titi ya ajiye tsintsiya ya ɗaga masa babban yatsa. Yashim bai san lokacin da ya fara murmushi ba.

Bai kai rabin lokacin ba aka buɗe ƙofar gida da ƙarfi. Zulkifilu ne, idanunsa jawur.

"Ankul, kashe motar nan!"

"Ɗan dakata, Zulkifilu, saura kaɗan! Babanka ne ya ce..."

"Babana yana mutuwa! Malam na laƙƙana masa kalmar shahada, ba ya jin komai sai wannan banzan abin!"

"Don Allah, in aka katse..."

Zulkifilu ya zura hannu ta taga ya murɗe makullin, ya zare, ya koma ciki da shi.

Yashim ya zauna a motar, hannunsa a kan sitiyari. Ta tagar falo yana jin muryar malamin yana maimaita kalmar a hankali, yana sake maimaitawa. Can sai muryar ta tsaya. Sai salati, sai kukan mace.

Ya fito ya tsaya a bakin matakala, bai san ko yana da fuskar shiga ba. Hajiya Tayyiba ce ta leƙo, mayafinta ya zame kafaɗa. Ta miƙa masa makullin.

"Hajiya, sannu. Allah Ya jiƙansa."

"Ya ji ƙararta," ta ce. "In abin da kake so ka sani ke nan. Yatsunsa har motsi suke a kan bargo. Da ƙarar ta ɗauke sai ya buɗe ido ya ce, 'Wa ya kashe ta?'"

Yashim ya karɓi makullin.

"Malam ya yi ta faɗa masa kalmar. Leɓensa ya motsa, amma babu wanda ya ji me ya ce. Abin da kunnena ya ji na ƙarshe daga bakin mijina ke nan, Malam Yashim. Wa ya kashe ta." Ta gyara mayafi. "Ka janye ta daga nan, mutane za su zo, suna bukatar wurin fakin."

Ta rufe ƙofa.

Ya saki birki, ya sa kafaɗa ya tura motar shi kaɗai har cikin gareji. Da ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, akwai sauran zafi. A ƙarƙashinsa ƙarfe yana ƙas, ƙas, yana hucewa a hankali, motocin masu ta'aziyya kuwa sun fara shigowa layin.