Jar Kuɓewar Iya Asta

Shekarar da aka hana shigo da alkama, kowane magidanci a ƙasar Bunkure ya zama manomin alkama, har wanda bai taɓa ganin zangarniyarta ba. A wannan hayaniyar ce Malama Saude, mai koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa, ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta: koya wa mata noman kayan miya. Ta yi kwas na mako guda a Kadawa, ta dawo da ɗan littafi mai hotuna da baki cike da bayani. Aka ara mata fili a bayan makaranta, inda wata 'yar magudana ke kawo ruwan kanal. Mata tara suka shiga, yawanci zawarawa da tsofaffi, masu iya fita.

Iri ne ya kai ta wurin Iya Asta. Ƙauyen tsohuwar ya shekara goma sha uku a ƙarƙashin ruwan dam, kuma abin da ya rage mata na can shi ne irin kuɓewar mahaifiyarta, ja, gajera, mai yauƙin da ba a samun irinsa a kasuwa. Kowace damina takan shuka gindi goma a bayan ɗaki. Bara awaki suka yi mata ɓarna, irin da ta tsira da shi bai cika tafin hannu ba.

"Iya, ki ba ni duka," in ji Saude. "Na shuka, ya yawaita, kowane gida a unguwar nan ya samu."

"Mu ba ma shuka iri duka, 'yar nan. Rabi ƙasa, rabi ɗaki. Haka na taso na gani."

"Wannan ai don damina ce, da ba ta da tabbas. Yanzu ruwa a hannunmu yake, Iya. Kullum yana gudu."

Saude ta iya magana, abin da ya cuce ta ke nan. Sau uku tana zuwa, a na ukun tsohuwa ta kwance ƙullin tsumma ta juye mata shi kaf.

Kuɓewa ta fito kamar an roƙa. Ranar da ta fara 'ya'ya Saude ta tara matan ta buɗe littafinta. "Duk bayan kwana biyu ku tsinke. Kada ku bar ko ɗaya ta ƙosa, in ta ƙosa uwar sai ta rage haihuwa." Gaskiya ne kuwa, haka littafin ya ce. Sai dai wanda ya rubuta shi a kanti yake sayen iri, bai ɓata shafi ko ɗaya a kan ajiye shi ba. Saude ta bar zancen iri sai ƙarshen tsinka, tunda a ganinta lokaci na nan.

A makon ne aka aiko mahaifiyarta ba lafiya a Garun Mallam. Ta tafi da niyyar kwana uku, ta yi ashirin da huɗu.

Tun daga bakin makaranta ta ga magudana ta bushe har ta tsage. An rufe ruwa don yashe kanal. An faɗa a masallaci, maza sun ji, sun riga sun yanke alkamarsu, ba wanda ya tuna da wani lambun mata. Zafin bazara ya gama da sauran. Saude ba ta tsaya kuka ba tukuna, ta shiga bin karan ɗaya bayan ɗaya, tana neman kuɓewa guda da ta ƙosa a jiki, guda ɗaya tak. Ta bi layi shida. Babu.

Rekiya, wadda ta bar wa riƙon lambun, ta same ta a durƙushe. "Malama, mun yi kwana biyu muna jido daga rijiya, abin ya fi ƙarfinmu. Amma tsinka kam ba mu yi wasa ba. Ko ɗaya ba mu bari ta ƙosa ba, yadda kika ce."

Ina ma a ce sun yi mata gardama. Duk tsofaffin nan sun san ana barin iri, sun fi ta sani, amma Malama ce ta faɗa, da littafi a hannu. Saude ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Bayan la'asar ta shiga gidan Iya Asta, ta gaishe ta, ta faɗa mata komai ba ta rage ba. Tsohuwa ta jawo wani faifai daga ƙarƙashin gado. Matan sun riƙa aiko mata da kasonta, ita kuma ta yanka ta shanya.

Saude ta zube a gaban faifan tana murza yankakkun nan da yatsa. 'Ya'yan ciki farare ne, sun motse, suna rugujewa kamar gari.

"Bari wahalar da kanki, ɗanya ce, ba ta fitowa," in ji Iya Asta. "Ni na ɗauka kun bar wasu a jiki."

"Iya, bari na je har inda 'yan garinku suka watsu na tambaya."

"Wa ya rage? Ni ce mai ita." Ta tattara kuɓewar da gefen hannu, a hankali, har da garin da Saude ta murje. "In na yi tattali za ta kai ni miya biyar."

Ta rufe faifan ta mayar ƙarƙashin gado, sannan ta tambayi Saude jikin mahaifiyarta.