Salwa Mai Ɗinki

A duk hotunan da Nawras da Wajdi suka ɗauka tare, ni ce a tsakiya. Guda goma sha ɗaya Madam Ulfa ta baza a kan teburinta, a kowanne ga ni nan daram, jaka a cinya, fuska a murtuke. Nawras 'yar yayana Munsif ce, ni na goye ta bayan rasuwar uwarta, saboda haka duk mai son ganinta sai ya fara ganina. Ban taɓa zaton wannan aikin lada zai zama laifi ba.

Madam Ulfa ita ce mai cike wa mutane takardun biza a wani ɗan ofis da ke bayan kasuwar kifi ta garinmu Safakis. Ta ɗaga hoto ɗaya, ta dube shi ta saman tabarau.

"Hajiya Dalanda, wannan ai uwa ce da 'ya'yanta biyu. Wa zai kalle shi ya ce masoya ne?"

Na ce, "To so kike su rungumi juna a bakin teku, ina raye?"

Wajdi, wanda zai auri Nawras, yana gasa burodi ne a Ingila. Dokar can ta ce sai albashinsa ya kai wani mizani kafin ya ɗauko wadda zai aura, kuma sai ya nuna takardun albashin wata shida a jere babu gibi. Sau biyu yana kusa kaiwa, lissafi na rushewa. A karo na uku ya kai, da ƙyar, bayan an ba shi shugabancin masu gashi. Shi ya sa ma ba a ɗaura auren a nan ba. In ya ɗauki hutun biki, albashin watan zai faɗo ƙasa, a koma farko. Sai aka karanta fatiha, uwarsa ta sa wa Nawras zobe, aka bar ɗaurin aure sai ta isa.

Maganar kuɗi ta wuce ke nan. Abin da ya rage shi ne shaidar cewa soyayyar ta daɗe, ba don biza aka ƙulla ta jiya ba. Ga shi zoben wata biyar kacal ya yi a yatsa, ranar Litinin kuma za a miƙa takardu. In ta wuce, takardun albashin sun tsufa, yaron nan ya sake wata shida a bakin wuta.

"Saƙonnin waya fa?" in ji Madam Ulfa.

Nawras ta miƙa mata wani ƙunshin takardu mai kauri, tana sunkuyar da kai. Madam Ulfa ta karanta shafin farko, ta juya na biyu, sannan ta cire tabarau.

"Wace ce Salwa mai ɗinki? Kuma me ya sa kike ce mata hasken idonki?"

Kunya ta kusa kashe ni, don shawarata ce. Shekara uku da suka wuce, ni na ce ta ajiye lambar Wajdi da sunan mace, kada ubanta ya ga waya na haske ya karanta. Shi ma gogan, don tsoron 'yan'uwansa mata, ashe ya ajiye tata da sunan Hisham bakanike. Shekara uku cur Salwa mai ɗinki da Hisham bakanike suna mutuwar son juna.

Madam Ulfa ta yi dariya har da share hawaye. Da ta nutsu ta ce za a iya gyara sunayen, amma saƙon waya kaɗai ba ya da nauyi. A samo wani abu mai hatimi da kwanan wata, a haɗa da wasiƙar uba da zai sa hannu cewa ya san maganar tun farkonta.

Uba! Yaya Munsif mutum ne da ko gishiri ba a ƙara wa miya a gidansa sai ya sani. A saninmu, wata biyar da suka wuce ya fara jin sunan Wajdi. Yanzu sai mu je mu ce masa shekara uku muna yawo da hankalinsa, ni da nake cin tuwonsa ina raka su shan shayi a ɓoye duk lokacin da yaron ya zo hutu. Gaskiya na ji tsoro, kuma na ji tausayin yarinyar.

Ranar Juma'a na yi wa Yaya kuskus da kifi, irin wanda yake so, na cika yaji. Na bari ya ci ya ƙoshi, ya kishingiɗa da kofin shayi.

"Yaya, akwai magana."

"Na sani. Ba kya sa min kan kifi sai akwai magana."

Nawras ta durƙusa a gefensa ta fara, amma ba ta kai ƙarshe ba. Ni na ƙarasa, na ɗora laifin duka a kaina, don in ma kora ce a kore ni. Yaya ya ajiye kofi, ya tashi ya shige ɗakinsa. Muka ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Nawras ta riƙe hannuna gam.

Sai ga shi da tsohon gwangwanin man zaitun, wanda aka yanke wa baki. Ya juye shi a kan tabarma. Wasiƙu ne, kowace da kan sarkin Ingila da hatimin gidan waya, an ɗaure su da zaren buhu.

"Karanta ta ƙasan," ya ce wa Nawras.

Rubutun Wajdi ne, na shekara uku da wata biyu da suka wuce. Yana gaishe da Baba Munsif, yana cewa yana nan kan maganar da suka yi a shagon Baban game da Nawras, kuma ba zai turo iyayensa ba sai ya iya riƙe ta kamar yadda Baba ya ce. Kowace salla akwai wasiƙa, kowane ƙarin albashi akwai wasiƙa, ko'ina ga sunanta ɓaro-ɓaro.

Na ce, "Yaya! Kana sane?"

"Yaron ya zo wurina tun kafin ya karɓi lambarta. Ni na ce ya rufe bakinsa, kada a sa wa yarinya rai abu bai tabbata ba." Ya kalle ni yana murmushin mugunta. "Ke kuma, Dalanda, wace irin mai ɗinki ce ake rufe ƙofa kafin a amsa wayarta? Shekara uku ko ɗankwali ba ta ɗinka mana ba."

"Baba, ka bar mu muna ta laɓe-laɓe?" in ji Nawras, tana kuka tana dariya.

"To me zan kalla? Talabijin ɗin ba abin kirki."

Na ɗauki matashi na jefe shi, abin da rabona da yi tun muna yara.

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya rungumi gwangwanin har ofis, ya ƙi yarda a sa wasiƙun a jaka. Madam Ulfa ta jera su bisa kwanan wata, ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin shaida mai ƙamshin man zaitun ba. Bayan sati bakwai biza ta fito. Na yi guɗa a tsakiyar titi har mai sayar da lemo ya taya ni da tafi. A filin jirgi kowa ya yi kuka ban da Yaya, wanda ya tsaya yana faɗa a kan nauyin akwati.

Wata guda bayan ɗaurin auren, na kai wa Yaya abincin rana shago. Yana zaune da abokansa 'yan karta, waɗanda suka sa shi gaba da tsiya wai tun da 'yarsa ta tafi ya rame. Yana cika baki cewa shi ko a jikinsa, sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur kusa da ni. Ya yi wuf zai ɗauke, amma na riga shi karantawa: Salwa mai ɗinki. Ashe da wannan sunan ya ajiye lambar 'yarsa.

"Wani ɗinki na bayar," ya ce musu, yana share ido da bayan hannu.

Ya shige ɗakin ajiya da sauri, ya rufe ƙofa.