Wa Ya Koya Maka Bes

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu bai sake ni ba. Sunana Habila, shekara goma sha tara ina kaɗa jitar bes a bukukuwan aure a Kaduna da kewayenta. Bes ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda aka fi jin ta a ƙirji fiye da a kunne. Yayata Rahila ce ta koya mini. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma ban taɓa mafarkinta ba sai jiya.

Na ga kaina a wani gari mai kama da Sabon Tasha, da rana tsaka, jitata rataye a bayana. Titin shi ne, shagunan ma su ne, amma babu wani sauti mai kauri a garin. Tirela ta wuce ni tana kuka kamar ɗan tsako. Wani sa da aka ɗaure a bakin mahauta ya buɗe baki, sai na ji ƙarar usur. Na sauke jitar na ja babbar tsirkiya. Ta yi rawa sosai, amma ba ta ce komai ba.

Wani mai shayi yana zaune yana juye shayi daga kofuna zuwa cikin buta. Na gaishe shi, na tambaye shi abin da ya sami garin.

"Manyan muryoyi duk suna ofis," in ji shi. "Sai ka yi rajista ake ba ka."

"Ina ofishin yake?"

"Ka juya masa baya ka yi ta tafiya, za ka iso."

Na juya baya na yi ta tafiya, na kuwa iso.

Awaki ne ma'aikatan ofishin. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau, da jan biro a bayan kunne. Layi biyu ne. Na maza gajere, na mata kuwa ya fita ƙofa har ya zagaye ginin, kowace mace da bes a hannunta. Idan mace ta iso gaban teburi, sai a ɗora hannunta a kan sikelin awon nama. Bunsurun ya leƙa, ya kaɗa gemu, ya ce, "Bai kai ba." Sai a karɓe jitar, a miƙa mata caki, a nuna mata can baya inda 'yan amshi ke tsayawa. Wata akuya a bakin ƙofa tana ce wa kowace, "Ki riƙa murmushi."

Ni ba a auna hannuna ba.

"Namiji?" in ji bunsurun.

"E."

Ya buga wa takardata hatimi, sannan ya cinye ta. "An ajiye," ya ce.

Da na juya zan fita na ga Yaya Rahila. Tana tsakiyar layin mata, da shuɗiyar atamfar da take zuwa coci da ita, rungume da tsohuwar bes ɗinta. Na san jitar nan kamar tafin hannuna. A ɗakin ajiyar shirgi na cocinmu ta tsince ta, wuyanta a tsage. Ta manne shi da gam ɗin kafinta, da ta rasa tsirkiya ta uku kuma ta ɗaura mata wayar birkin babur.

"Yaya," na ce.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Habila, ka yi ƙiba."

"Tun yaushe kike tsaye a nan?"

"Tun bikin Kafanchan."

Bikin Kafanchan ba mafarki ba ne, ya faru. A lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, an ɗauke ni sabon mai bes a wata ƙungiyar kiɗa. Ana tsakiyar biki yatsana ya fashe yana jini, Yaya Rahila ta taso daga cikin 'yan biki ta karɓi jitar. Waƙa uku ta kaɗa. Tsofaffi suka miƙe suna rawa, mai ganga ya yi ta waiwayenta yana dariyar jin daɗi. Da aka tsaya, sanƙiran bikin ya kawo mini makirfo ya ce, "Wannan baiwar Allah fa? Ko ita ce malamarka?" A gaba akwai masu bes na wasu ƙungiyoyi, su biyar, suna kallona. Na ce, "Wani tsohon soja ne ya koya mini a Jos. Ita riƙe mini ta yi kafin in sha ruwa. Mace ai tsirkiyar da ta sani ita ce igiyar shanya." Filin ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi ɗan murmushi, ta cire maratayin daga wuyanta ta rataya mini. Daga ranar ba ta ƙara taɓa jita ba. Ta yi shekara goma sha biyu tana ɗinki, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Na koma gaban bunsurun na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kafa dokar auna hannun mata?"

Ya jawo wani ƙaton littafi wanda aka gutsure gefensa. "Ku kuka rubuta. Mu ajiya kawai muke yi, mu ɗan taɓa in mun ji yunwa."

Ya buɗe mini. Duk barkwancin da masu bes suka taɓa yi a kan mata yana ciki, kowane da sunan mai shi a ƙasa. Nawa yana shafi na arba'in da ɗaya, da rubutun hannuna.

"Wasa nake yi," na ce.

"Duk abin da ke littafin nan wasa ne," in ji shi. "Na gaba."

Sai ga ni a gindin mangwaron da mu masu bes muke haɗuwa ranar Lahadi da yamma. Kowa yana zaune da jitarsa a cinya, an ɗaura wa kowace jita ɗankwali da 'yan kunne. Baba Dogara, wanda ya girme mu duka a sana'ar, yana shafa tasa.

"Amaryata ce wannan," yake cewa. "Sai ka danne ta take magana mai daɗi."

Aka yi dariya.

"Mace in ta hau dandamali, kallonta ake yi, ba sauraronta ba," in ji wani.

Aka sake dariya. Yaya Rahila tana zaune a kan wani dutse nesa kaɗan, ba wanda ya kula da ita. Duk sanda aka yi dariya, sai tsirkiya ɗaya ta tsinke a jikin jitarta. Ta farko ta tafi, ta biyu ta bi ta. Na yi niyyar in ce su yi shiru. Baba Dogara ya dafa kafaɗata ya ce, "Habila, faɗa musu taka, ta igiyar shanya." Na faɗa. Na ji muryata tana fita da daɗi, har da kwaikwayon yadda na yi a Kafanchan. Sauran biyun suka tsinke tare.

Ta tattara tsirkiyoyin, ta naɗe su a hannu kamar zaren ɗinki, ta sa a bakin zani.

Sai kuma ga mu a bayan kicin ɗin Mama a gidanmu na da. Ina zaune a kan turmin da aka kife, da gemuna da furfurata, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Tana tsugune a gabana tana jera mini yatsu a wuyan jita, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta yi ranar farko. Bakin yatsunta duk ya yi kanta, na ji kaushinsu.

"Kada ka yi tsere da mai ganga," ta ce. "Zauna a ƙarƙashinsa. Aikinka ka riƙe kowa, ko ba a gan ka ba."

"Yaya, kin yi fushi da ni?"

"Ɗaga gwiwar hannunka."

"Yaya."

"Ban yi fushi ba. Kunya na ji. Na ɗauka a duk filin nan akwai mutum ɗaya da ya san ni." Ta gyara mini ɗan yatsa. "Nan za ka danna, ba can ba."

Wata akuya ta leƙo ta kan katanga da takarda a baki, ta ce an kira shari'armu.

Ɗakin shari'ar filin bikin Kafanchan ne, da rumfunansa da fararen kujerun roba. Awaki sun cika kujerun, masu bes suna layin gaba. Bunsurun yana zaune a kujerar ango. Yaya Rahila tana tsaye a kan dandamali da jitarta marar tsirkiya.

"Wannan mata ta ce ta iya bes," in ji bunsurun. "Hannunta bai kai awo ba. Amma doka ta ce idan namiji ɗaya ya shaida cewa ita ta koya masa, za a ba ta muryarta. Akwai mai shaida?"

Na ɗaga hannu. Aka kawo mini makirfo.

"Wa ya koya maka bes?"

Amsar tana bakina, kalma huɗu ce kawai: Yaya Rahila ce malamata. Na buɗe baki na ce, "Wani tsohon soja a Jos."

Wani dattijo da kakin soja ya miƙe daga can baya. Ba shi da fuska, don ban taɓa ƙirƙira masa ba. "Ni ban san shi ba," ya ce, ya koma ya zauna.

"A sake tambayarsa," in ji Yaya Rahila. "Tun yana ƙarami sai an tambaye shi sau biyu."

"Wa ya koya maka bes?"

Na tattara ƙarfina duka. Na ji wani abu yana tasowa daga maƙogwarona, na sa hannu na jawo. Igiya ce. Na yi ta ja tana fitowa, doguwa, da kaya shanye a jikinta: rigunan makarantata, zannuwan Mama, kayan mutanen da ta yi wa ɗinki. Igiyar ta miƙe daga bakina har ƙarshen filin, ta ɗaure kanta a jikin sandar rumfa. Masu bes suka yi ta tafi.

Yaya Rahila ta ajiye jitarta, ta sauko. Ta bi igiyar tana kwashe kayan, tana ninke kowane a hankali, tana ɗorawa a kan kujera. Da ta gama ta tsaya a tsakiya, ta danna igiyar da hagu, ta ja ta da yatsa biyu na dama.

Sautin ya fito da kauri. Ta cikin haƙorana ya bi, ya sauka a ƙirjina. Awakin suka daina tuƙa. Kiɗan da ta yi a bikin nan shi ta maimaita, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, kanta a ɗan karkace kamar mai sauraron maganar wani a ɗaki na gaba. Ina tsaye baki buɗe, hawaye na bin igiyar.

Da ta gama, bunsurun ya cire tabarau ya goge. "Lallai," ya ce. "Tana kaɗawa kamar namiji. A rubuta namiji."

"A'a," in ji ta. "A rubuta Rahila."

Ya juya takardar gaba da baya. "Babu gurbin wannan."

"To a bar shi."

Daga nan hadari ya haɗo a ƙasa, a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwa ya fara tsattsafowa daga cikin turɓaya yana tafiya sama. Awaki suka hau kan laimominsu suka tsaya. Ruwan ya ɗauki fararen kujerun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kayan da ta ninke. Sannan na ga ƙafafunta sun rabu da ƙasa. Ba ta tsorata ba, ta dai riƙe bakin zaninta.

Igiyar ta faɗi daga bakina. Na ruga na kama jitarta don in miƙa mata, amma ta riga ta wuce tsayin rumfa.

"Bar ta a wurinka," ta ce daga sama. "Akwai wata yarinya a layin nan, bayana take. Hannunta ƙarami ne, amma tana da kunne."

"Yaya, tsaya. Zan faɗa."

"To faɗa."

Na waiwaya ina neman makirfo, ruwa ya tafi da shi. Na nemi bunsurun, ya rufe ofis ya rataya kwaɗo a jikin iska. Filin ya zama babu kowa. Na ɗaga kai na faɗa da iyakar muryata, kalma huɗun nan, kuma a wannan karon su ne suka fito. Sai dai ta yi nisa. Na ga ta sa hannu a bayan kunne, tana karkato kai.

"Me ka ce?"

Na ja numfashi zan sake faɗa, sai na ji dum, dum, dum a jikin bango. Na buɗe ido. Rana ta fito, matashin kaina ya jiƙe. Matar maƙwabcina ce take daka a tsakar gidansu. Na daɗe a kwance ina saurare, ko sau ɗaya ba ta kuskure bugu ba.